Yadda Na Goge Karatun Malam

A sana'armu ta gyaran kwamfuta akwai magani guda da muke ba kowace cuta, shi ne fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi tashi, fomatin. Ta riƙa mutuwa da kanta, fomatin. Ma'anarsa dai a share abin da ke kan faifan ajiya a zuba sabuwar windo, wato babbar manhajar da ke tafiyar da injin. Haka na koya a Kano wajen ubangidana, haka na zo da shi Kankiya na buɗe shago kusa da tasha, kuma shekaru na yi ina yi ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Mutanenmu in dai abu ya kawo haske ya yi ƙara, to ya gyaru.

Ni mutum ne mai saurin hannu da saurin baki, ban ɓoye ba. In ka tambaye ni abu sau ɗaya zan ba ka amsa, in ka maimaita sai ka ga fuskata ta canza. Abokan zama na bakin tasha suna kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya, ni kuwa na riƙe rabin farko na bar masu sauran. A lokacin da nake ba da labari, daga Kankiya har Kusada ba wanda ya kai ni sanin cikin kwamfuta, kuma na san haka, abin da ya kai ni ya baro ke nan.

Ni ɗan Kusada ne. Malamin da ya koya mani karatu tun daga allo har littattafai yana can, gidansa na da masallaci a ƙofa, kuma kowace shekara da azumi yakan zauna bayan la'asar ya yi tafsiri. Mutane kan zo daga Mawashi da Dudunni a kan kekuna da babura. Malam ba mai ɗaga murya ba ne. Yana fassara yana kawo misali da gona da awaki da rigimar iyaka, in wani ya yi tambayar da ba ta da kai sai ya tsokane shi har kowa ya yi dariya, sannan ya ba shi amsa. Babban ɗansa, wanda muke kira Malam Ƙarami, ya girme ni da shekara biyar ko shida, shi ne ya fara ajiye waya a gaban mahaifinsa yana ɗaukar karatun. Azumi tara yana yi. In wayar ta cika sai ya juye a kwamfuta, ya share na wayar don a samu wuri.

Kwamfutar nan ni na haɗa masu ita. Tsohuwa ce irin ta tebur, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, na samo a Kano. Na tuna ranar da na zuba mata windo na raba faifan gida biyu kamar yadda muke yi, ɓangaren C na windo, ɓangaren D na ajiyar kaya, don in wata rana an yi fomatin a share C kawai, D ba abin da zai same shi. Na nuna wa Malam Ƙarami da yatsa, na ce duk abin da zai ajiye ya sa a D. Ya ce to. Na ce ya gane? Ya ce ya gane. Ina sauri ranar, na hau babur na koma Kankiya.

Bayan azumi na tara, ana cikin damina, Malam ya faɗi a gona. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne. An kai shi asibiti, an dawo da shi, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, in ka gaishe shi yakan ɗaga hannun hagu, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Na je gaishe shi sau biyu na kasa komawa na uku, don ganin mutumin da ya koya mani haɗa baƙi yana fama da harshensa ya fi ƙarfina. Tun daga ranar ba wanda ya sake kunna kwamfutar, ta zauna a ɗakin zaure an rufe ta da tsohon zane wata da watanni.

Saura kwana goma sha biyu azumi, ana tsananin zafin bazara, sai ga Malam Ƙarami a ƙofar shagona da akwatin kwamfutar ɗaure a bayan babur. Shagon cike yake da ɗalibai masu rajistar jarrabawa, janareto na ta kuka, ni kuma ina ta faɗa da na'urar buga takardu. Muka gaisa, na tambayi jikin Malam, ya ce da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa. Ya ce dattawan unguwa sun yi shawara, bana tun da Malam ba zai iya ba, kuma ba su son a sa wani a shimfiɗarsa yana raye, sai a riƙa sa karatunsa na baya a lasifika bayan la'asar, a fito da shi ya zauna ya ji. Sun jona kwamfutar don su kwafo, ta ƙi tashi.

"Injiniya, karatun Baba na ciki," in ji shi. "Shi kaɗai muke so. Ita kwamfutar ko ta mutu ba komi."

Na ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka. Ba abin da zai taɓa shi."

Ya ce zai shiga kasuwa ya sayo wa Malam magani ya dawo bayan la'asar. Na ce ya tafi abinsa.

Sai bayan azahar na samu kanta. Na jona, na danna. Ta yi 'yar ƙara, sai baƙin allo ya fito da rubutu layi biyu, a ƙarshe an ce a danna F1 a ci gaba. Wallahi ban karanta layukan nan ba. Ba mai gyaran da ke karanta su, hannu ne kawai ke zuwa kan F1 kamar yadda yake zuwa korar ƙuda. Windo ta fara tashi, alamarta ta fito, sai allon ya yi shuɗi na ƙiftawar ido, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Na bar ta ta yi haka sau uku. Wani ɗalibi ya leƙo yana tambaya ko takardarsa ta fito, na daka mashi tsawa. Na ce a raina windo ta lalace, zaman banza da ƙura sun cinye ta, maganin dai sananne ne.

Na sa filas ɗina mai windo, na tashe ta daga can. Kafin a zuba sabuwa akwai wurin da ake nuna maka ɓangarorin faifai da girmansu da abin da ya rage a kowanne. Na dubi D na ga an ci fiye da rabinsa. Shi ke nan, na ce, ga karatun Malam nan kwance lafiya. Waya na aljihuna, lambar Malam Ƙarami na ciki, kasuwa kuwa ko jifa ka yi daga shagona za ta kai. Da zan cire faifan in jona shi a kwamfutata in leƙa cikinsa, minti biyar ne. Da zan zuba sabuwar windo a kan tsohuwa ba tare da shara ba, da tsofaffin kaya sun tsira a gefe. Duk na san waɗannan. Amma mu a wajenmu aikin da ba a share ba aikin 'yan koyo ne, kuma mutane goma na tsaye a kaina. Na zaɓi C, na danna fomatin, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Ban tsaya nan ba. Da sabuwar windo ta hau, ta tashi tsaf ba shuɗi ba komi, sai na ji daɗin kaina, na ce aikin Malam ne, bari in yi shi da kyau. Na zuba manhajar rubutu, na zuba ta sauraren sauti, na zuba maganin bairos, har da wasu littattafan addini da nake da su a filas, kyauta. Ina yi ina raha da ɗaliban da na gama yi wa tsawa. Duk abin da na zuba kuwa yana sauka ne a daidai wurin da na share, yana danne abin da ke ƙasa, amma a lokacin ban san akwai abin da ake dannewa ba.

Sai da shago ya yi sauƙi na buɗe D don in kunna karatu ɗaya in ji muryar Malam. Na ga foldoji, na gane su nan take, domin nawa ne. Manhajoji ne da na kwafa na ajiye a can tun ranar da na haɗa kwamfutar, don in an bukace su kar in sha wahalar ɗaukowa. Su ne suka ci rabin wurin. Na buɗe wannan na buɗe wancan. Na sa ta nemo duk wani fayil na sauti a faifan gaba ɗaya, ta kawo mani 'yan ƙararrakin windo na buɗewa da rufewa. Na sake nema. Na koma na zauna a kan benci.

Ina zaune ina kallon allon sai idona ya kai kan agogon da ke kusurwa. Lokacin ba daidai ba, kwanan wata kuma ya koma shekaru can baya, tun kafin ma in san zan buɗe shago. Na kashe ta na kunna, wannan karon na karanta layukan nan biyu. Cewa suke an rasa saiti, a shiga a gyara.

Bari in yi bayani ga wanda ba sana'arsa ba. A jikin babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda komi ke jone da shi, akwai wata ƙaramar manhaja da muke kira bayos. Ita ke fara farkawa kafin windo, ita ke riƙe da lokaci, ita ke faɗa wa injin ga faifai a nan, ga ramukan filas a can, wannan a buɗe wancan a rufe, kuma ga yadda za a yi magana da faifan. Abin da ke riƙe mata wannan saiti in an kashe wuta wani ɗan batiri ne mai kama da ƙwandala. In ya mutu, sai ta manta duk abin da aka gaya mata ta koma yadda ta fito daga kamfani. Watannin da kwamfutar ta yi a zaure ba wuta sun ƙarasa batirin.

Na shiga bayos, na wuce shafin lokaci, na je shafin faifai da ramuka. Akwai layi guda da ke zaɓar hanyar magana da faifai, ko tsohuwar hanya da aka rubuta IDE, ko sabuwa da aka rubuta AHCI. Yana kan sabuwa. A nan na tuna. Ranar da na haɗa masu kwamfutar, windon da nake da ita ta ƙi ganin faifan a sabuwar hanya, ni da hannuna na mai da layin nan kan tsohuwa sannan ta yarda ta hau. Windo kuwa hanyar da aka zuba ta a kai ita ta sani, in ka canza mata sai ta yi shuɗi ta mutu. Ba abin da ya lalace. Batiri ya mutu, layi ɗaya ya koma inda yake tun asali, shi ke nan ciwon.

Don in tabbatar, ko don in ƙara wa kaina azaba, ban sani ba, na mai da layin kan IDE na adana na fita. Sabuwar windon da na zuba yanzu-yanzu ta fara tashi, ta yi shuɗin nan sak, ta mutu, ta sake tashi. Danna maɓalli uku ne da sabon batiri, da Malam Ƙarami ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Na zare wayar wuta daga bango na zauna ina kallon hannuna.

Bayan la'asar ya dawo da ledar magani a rataye a hannun babur. Ya tambaya ko an dace. Na ce aikin ya ɗan fi yadda na zata, sai ta kwana biyu. Ina goge tebur don kar mu haɗa ido na tambaye shi, kamar abin bai dame ni ba, a wane wuri yake ajiye karatun in ya juye.

"A nan gaba mana, bisa fuskarta, inda nike ganinsu da an kunna," ya ce. "Kowane azumi da foldarshi. D ɗin nan da ka ce, na neme ta ban gane hanyarta ba. Na so in tambaye ka, sai na ga ka riga ka yi mani bayani, kar in dame ka."

Duk abin da aka ajiye a fuskar kwamfuta a C yake zaune. Na ce to, ba komi. Ya yi mani godiya ya hau babur ya kama hanyar Kusada. Mutumin da ya girme ni, ɗan malamina, ya yi shekara tara yana jin nauyin ya sake tambayata abu ɗaya saboda ya san halina.

Washegari ban buɗe wa kowa shago ba. Na kulle kaina a ciki, na cire faifan na jona a kwamfutata, na sa manhajar da ke tono abin da aka share. Irin wannan tono yana yiwuwa in ba a rubuta komi a kai ba, ni kuwa na rubuta windo guda da tarkacen kyautata. Yini biyu janareto na aiki. Ta tono dubban fayiloli marasa suna, lambobi kawai. Na sa abin ji a kunne na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba sa buɗuwa. Wasu su buɗe ka ji shuuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Wani ka ji tarin mutane da kukan akuya na daƙiƙa biyu ya yanke. Da na fara cin karo da muryar Malam tana fita sarai, yana cewa a matso gaba a ba na baya wuri, sai da na cire abin kunnen na kifa kai a tebur na yi kuka, ni da ban yi kuka ranar da na gan shi kwance ba.

A cikin zama fiye da ɗari biyu, goma sha tara na samu da za a iya saurare. A cikinsu ma wasu ba farko, wasu ba ƙarshe. Na gaji har na daina bin kowanne zuwa ƙarshensa, in na ji minti goma na farko lafiya sai in ajiye shi gefe in wuce na gaba.

Matata ta ga tuwo na dawowa yadda ta kai shi, ta tsare ni, na gaya mata komi. Ba ta san bayos ba, amma ta gane labarin tsaf. Ta ce in je Kusada in durƙusa in faɗa, mutanen gidan Malam ba za su ci ni ba. Na ce ai da za su ci ni da ya fi mani sauƙi. Ta ce to wannan girman kai ne ba kunya ba. Na yi mata tsawa na ce me ta sani a aikin maza, ta kwashe kwanoni ta fita, ni kuwa na san gaskiya ta faɗa.

Na kira Malam Ƙarami a waya da niyyar in ce ina zuwa akwai magana. Da ya ɗauka ya ce, "Injiniya, ya ake ciki?" sai na ji bakina yana cewa faifan ya samu matsala, yawancin karatun ya tafi, na dai yi yini biyu ina tono na ceto goma sha tara. Kowace kalma a ciki in ka ɗauke ta ita kaɗai ba ƙarya ba ce. Ya yi salati a hankali. Na ji yana jan numfashi. Sannan ya ce haka Allah ya ƙaddara, abin da ya rage shi ne rabonmu, kuma laifinsa ne da ya bar ta a zaure ƙura na ci. Ya ce Allah ya saka mani da alheri, ya ce ba don ni ba da ko ɗaya ba a samu ba. Na ce amin. Na ji shi yana ɗora wa kansa laifin, na bar shi ya ɗauka.

Sauran kwanakin kafin azumi na yi su a kan babur. Na tuna wasu kan kawo memori a kwafa masu karatun, sai na shiga bin su. Na je Mawashi wajen wani tela, ya ce wayar ta faɗa rijiya tun bara. Na je Dudunni wajen wani dattijo mai sayar da wake, ya ɗauko memori a ƙulle cikin leda, na sa na tarar jikokinsa sun share sun zuba waƙoƙi. A Kunduru na samu uku a wayar wani direba, biyu daga ciki ina da su. Duk inda na je sai a ce kai, yaron nan akwai riƙon amanar malaminsa, ya rufe shago yana yawo a rana. Labari ya riga ni komawa Kusada. Wata tsohuwa a unguwarmu ta aiko mani da kwanon gyaɗa, na ba yara, ban iya ci ba.

Na sa wa kwamfutar sabon batiri, na mai da layin kan AHCI don sabuwar windo ta tashi, na gyara lokaci. Na zuba karatu ashirin ɗin a D, na yi masu hanya a fuskar allo yadda Malam Ƙarami zai gani da ya kunna, abin da ya kamata in yi tun shekara tara da suka wuce. Na kuma kwafa a filas biyu. Na kai masu ana gobe azumi. Na shiga na gaida Malam, na ce Allah gafarta Malam ya jiki, ya ɗaga hannun hagu ya riƙe nawa ya daɗe bai saki ba. Na ce a raina yanzu zan faɗa. Sai aka kira sallah, muka tashi.

Ranar uku ga azumi na rufe shago da wuri na tafi Kusada don in ji. An shimfiɗa tabarmi a inuwar masallaci har bakin hanya, mutane sun fi na shekarun baya yawa. An fito da Malam a kan kujera, an sa mashi farar riga da rawani, an ajiye shi a inda ya saba zama, an tokare gefen dama da matashi. Lasifika na rataye a reshen dalbejiya, an jona ta da kwamfutar da aka ajiye kusa da Malam. Kafin a fara Malam Ƙarami ya miƙe ya ce jama'a su sa Injiniya a addu'a, shi ne ya ceto ɗan abin da za a ji. Aka juyo ana dubana, aka shafa fatiha. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Aka kunna. Muryar Malam ta fito daga bishiya, lafiyayya, da 'yar dariyar nan tasa a ƙarƙashi. Na ga dattawa na share ido da bakin riga. Malam kansa ya ɗaga kai yana kallon lasifikar, yana gyaɗa kai a wuraren da ya saba tsayawa. Aka yi kusan rabin sa'a, karatu ya kai wajen tambayoyi. Aka ji wani a cikin faifan yana tambaya a kan zakkar hatsi, aka ji Malam na cewa, "Kai mutumin Dudunni, bara ma kai ka yi tambayar ga, halan gonar taka ƙaruwa take ko mantuwar?" Mutanen cikin faifan suka yi dariya, na kan tabarma ma suka yi, mutumin Dudunnin kuwa yana zaune a sahu na biyu yana rufe fuska.

Muryar ta ci gaba. "To saurara da kyau. Gonar da ruwan sama ya shayar, in ta kai nisabi, cikin dami goma ka fidda guda. Amma wadda ka sha wahala ka ba ta ruwa da hannunka, irin ta 'yan fadama, ita cikin dami..."

Sai shuuu. Nan windon da na zuba ta sauka. Wannan yana cikin waɗanda ban bi har ƙarshe ba.

Malam Ƙarami ya duƙa yana taɓa wayar lasifika, yana zaton ita ce ta saki. Daga baya ya rage ƙarar gaba ɗaya. Wuri ya yi tsit. Ba yaro ba babba, duk wanda ke zaune a wurin ya san amsar, ɗaya cikin ashirin ne, sun ji ta a bakinsa shekara da shekaru. Amma ba a ƙarasa wa malami magana yana zaune, ba wanda zai yi wannan rashin ladabi, sai kowa ya juya yana kallonsa.

Malam ya gyara zama. Ya ɗaga hannun hagu da yatsa ɗaya a miƙe, yadda yakan yi in zai yanke hukunci. Ya buɗe baki. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sautin nan ya fito wanda ba kalma ba. Ya rufe baki ya haɗiye, ya sake gwadawa. Sau uku ya gwada, jama'a na jira, yawu ya gangaro ta gefen da ya shanye ya sauka a kan farar rigar. Sannan ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa.

Malam Ƙarami ya ciro hankici ya goge mashi baki. Ya waiwayo yana nemana cikin mutane, ya ce, "Injiniya, ko za ka duba mana? Ƙila daga nan ne."

Na tashi na ratsa sahu na je na durƙusa gaban kwamfutar, dab da ƙafar Malam. Na kama linzamin kwamfutar ina motsa shi, ina buɗe folda ina rufewa, mutane suna jira in gyara.